Tsagar da ke Ƙarƙashin Rijiyar Yunusu

Ummuhani jikar mahajjatan nan ce da suka yada zango a Gadarif ba su koma gida ba. Mahaifinta Yunusu haƙar rijiya ya yi har ya rasu. Ita kuwa ta karanta injiniya a Khartum, ta kama aiki a wani kamfanin mai. Aikinta zana cikin ƙasa a kwamfuta: a shimfiɗa raga a kan dutsen da ke riƙe da mai, a lissafa abin da ke shiga da fita ta kowane ido. Inda dutse ya tsage sai ta matse idanun su ƙanƙance, domin ta tsaga mai da ruwa ke gudu, babban ido kuwa haɗiye tsagar yake yi kamar babu ita.

Shugabanta Abdelaziz ya ƙi jinin wannan, wai yana sa na'ura jan ƙafa. Rannan a gaban ma'aikata ya ce ba saƙar hula aka ɗauke ta yi ba. Ya buɗa idanun ragar, ya cire sunanta daga rahoton. Ta ajiye abin a ranta.

Yaƙin 2023 ya koro su duka Gadarif. Abdelaziz ya samu aiki da wata ƙungiya mai haƙa rijiyar burtsatse, aka tura shi ƙauyen su Ummuhani a hanyar Simsim, kusa da rijiyar da Yunusu ya haƙa, wadda unguwa ke sha. Ta ga taswirarsa a hannun kwamitin ruwa, idanu manya-manya kamar dā. Mahaifinta ya taɓa nuna mata layin aduwar da ke tsaye a kan tsaga. Ta zana tata ragar, ta matse ta a bin layin, na'ura ta nuna sabuwar rijiya za ta zuƙe tsohuwar cikin kwana uku.

Da ta faɗa a lokacin, da an matsar da injin haƙa. Sai ta rubuta ranar da rijiyar za ta ƙafe da awon ruwan, ta liƙe ambulan, ta ba shugaban kwamiti, ta ce kada a buɗe sai an gwada famfo.

Rana ta uku da kunna famfo, guga ya fito da laka daga rijiyar Yunusu. Aka buɗe ambulan a gaban jama'a da manyan ƙungiyar. Abdelaziz ya karanta har sau biyu, ya tambaye ta a hankali yadda ta sani.

"Saƙar hula ce, ya bashmuhandis," in ji ta, wato babban injiniya. "Zauna in koya maka."

Aka rufe burtsatsensa, aka ba ta aikin zaɓen sabon wuri. Rijiyar Yunusu kuwa ba ta dawo ba sai da damina ta sauka. Wata huɗu gwaggonta Batoul tana ɗebo ruwa daga wani hafir mai nisa, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama. Ta ce mata, "Kin sani kika yi shiru, 'yar nan. Rijiyar ubanki fa."

Ummuhani ta karɓi jarka ɗaya ta ɗora a ka. Har yau ba ta ce ta yi nadama ba.