Igiyar Gugan Kaka

Famfon kicin ɗina ne ya yi tari shekaranjiya da hantsi. Na murɗa shi zan wanke shinkafa, sai ya yi kakari, ya tofo iska, ya yi shiru. Na tsaya da roba a hannu, gabana yana faɗuwa. Za ka ce, a kan famfo kawai? Ka yi haƙuri ka ji inda tsoron nan ya samo asali.

A unguwar Nassarawa ta Kano na taso, a ɗakunan ma'aikata da ke bayan gidan wani Bature, gab da samun 'yancin kai. Babanmu ne mai kula da lambunsa. Baturen nan ba na mulki ba ne, aikinsa binciken ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. A tsakiyar ciyawa ya kafa wata kwalba mai mazurari, ya hana a yi ban-ruwa kusa da ita. Duk safiyar da aka kwana da ruwa sai ya fito ya duba abin da ta tara. Kukun gidan, mutumin kudancin Zariya, yakan leƙo ta taga ya ce, "Ga famfo a gida, Maigida na jiran sama ta cika masa kwalba!" Mu yi ta dariya.

Shekarun nan damina tana kyau, gyaɗa tana yi, ƙasa kullum da ƙamshin jiƙa. Burin babanmu ɗaya ne: in Turawa sun tafi, ya koma ƙauyenmu wajen Gumel, ya yi lambun albasa a gefen rijiyar da Kaka, mahaifinsa, ya haƙa da hannunsa. Ba ya gajiya da labarin daɗin ruwanta.

Wata bazara Baturen zai zagaya rijiyoyin gabas, babanmu ya roƙe shi ya biya ta garinmu, don dai ya ga abin alfaharinmu. Aka saka ni a bayan mota in je in gaida Kaka.

A bakin rijiya Baturen ya fito da tef ɗin awo mai ɗan ƙoƙon ƙarfe a baki. Ya zura a hankali, ya kara kunne. Mata suka ajiye tulunansu, kowa ya yi tsit. Can ƙasa muka ji tsulum. Ya duba tef, sannan ya dumbuzi rairayin da aka fitar lokacin haƙa, ya murza a tafinsa. Da Hausarsa ta littafi ya ce wa babanmu, "Iska ce ta tara wannan rairayi, zamanin da nan hamada ce. Ruwan rijiyar nan ba shi da kauri, kamar ruwa ne a kan faranti. Yanzu shekarun alheri ne. Idan damina ta yi rauni a jere, shi zai fara tafiya. Kada ka dogara da shi."

Kaka yana tsaye da sandarsa. Bai ko kalli Baturen ba.

"Kai," ya ce wa babanmu, "ka taɓa ganin na ƙirga shanuna? Ko ku 'ya'yana, ka taɓa jin na faɗi yawanku?"

"A'a, Baba."

"To abin da aka auna, albarkarsa ta tafi. Ka rasa tsarabar da za ka kawo mini daga birni sai mai zura wa rijiyata ma'auni? Kada in ƙara ganin ƙafarka a bakinta."

Ya sa aka ja guga bayan guga aka zubar a ƙasa, wai a wanke ta. A hanyar dawowa ina kallon ƙeyar babanmu, har muka shigo Kano bai ɗago kai ba.

Aka sauya tuta, Baturen ya tafi, wani babban ma'aikacin gwamnati ya shiga gidan. Babanmu bai koma ƙauye ba. Ya ci gaba da shayar da ciyawar da ba mai ci. Duk rani sai labari ya zo an ƙara wa guga igiya, kuma mata na cewa tun ranar da ɗan gidan ya kawo mai awo rijiya ta yi fushi. Har zuwa ƙauye da sallah babanmu ya daina.

Na gama sakandare, har an yi mini aure, lokacin da babban farin nan ya zo, damina ta yi rauni shekaru a jere. Wata la'asar na je gaida iyayena, sai mai gadi ya ce ga wani tsoho a ƙofa. Kaka ne, ya rame, kansa ba rawani, ba saniya ko ɗaya a bayansa. Igiyar guga ce kawai a naɗe a kafaɗarsa, ƙulli bayan ƙulli: ta kaba, ta rama, tsohon zane, can ƙarshe kuma rawaninsa. Ya ajiye ta a gaban babanmu.

"Ina Baturen naka?"

"Ya koma ƙasarsu, Baba."

"To. Da yana nan, da na ce ya zo ya zura abin nasa. Ba abin da zai ji."

Sai idonsa ya sauka kan tiyon da ke kwarara a ciyawa. Ya daɗe yana kallo. Babanmu ya tashi ya rufe famfon, hawaye na bin gemunsa. A ɗakinmu Kaka ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma babanmu bai taɓa shuka albasar nan ba.

Yau a unguwar Giginyu nake. Kowane gida da rijiyar burtsatsensa, duk wanda ya zo haƙa sai ya zarce maƙwabcinsa zurfi. Masana suna gargaɗi a rediyo, mu kuma muna wanke motoci. Ni dai na yi imani Allah da gwargwado yake ba da komai, kuma sanin gwargwadon ba raina kyauta ba ne.

Ina nan tsaye gaban famfon, jikata ta shigo da kofinta. Na ce ta yi haƙuri, za a kira masu haƙa su ƙara zurfi. Ta ɗan yi tunani, ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, in na ƙasan ya ƙare, akwai wani a ƙarƙashinsa?"