Ranar Da Ummaru Tarwaɗa Ya Dafa Ƙasa

Ummaru ɗan mahauta ne, haifaffen Riko, amma tun yana saurayi ya dawo Jibiya da zama saboda kasuwar Lahadi. Rumfarsa tana layin 'yan nama, ta uku in ka shigo ta wajen tasha. Ba shi da tsawo, ba shi da wani jiki, in ka same shi yana feɗe akuya ba za ka ce ya taɓa ɗaure hannu ba. Amma shekara ashirin da biyu ya yi yana dambe, daga Gangara har ƙauyukan Maraɗi, gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, tafinsa bai dafa ta ba. A dambe kuwa nan magana take. Duk wanda ya durƙusa ko ya dafa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da ya miƙe yana dariya.

Tarwaɗa ake ce masa, don ba ya kamuwa. Ɗan dambe hannu biyu gare shi: wanda aka naɗe da ƙyalle aka ɗaure da zare, shi ne mashi, da shi ake bugu, ɗayan kuma da ake miƙawa gaba a buɗe, shi ne garkuwa. Kowa mashin abokin karawarsa yake kallo. Ummaru shi ƙasa yake kallo, wajen babban yatsan ƙafar baya. Ya kan ce ba mai iya kawo naushi sai ya kafa yatsan nan a rairayi tukuna. Da ya ga yatsa ya nutse, sai ya kau da kai kamar faɗin tafi, naushi ya wuce ta gefen kunnensa. Haka zai bar mutum yana dukan iska turmin farko da na biyu. A na uku, in mutum ya fara haki, wani lokaci ya sa masa ɗan gajeren naushi a ƙasan kunne ya zaunar da shi, sau da yawa kuma a raba su ba kisa. A duk shekarun nan mutum tara kawai ya kashe.

Mutanen wancan lokaci ba su ga aibun haka ba. Da kaka ake dambe, bayan an kai gero rumbu, a fili, ba shinge ba ƙofa. Tsofaffi su zauna gaba, duk zillewar da Ummaru ya yi su ce, "Ahaf!" su dubi juna. Bawa makaɗi, wanda suka tashi unguwa ɗaya, har wani kiɗa na dabam ya yi wa zillewar nan, bugu biyu gajeru da ɗaya mai ja, ba ya yi wa kowa sai shi. Hajo matar Ummaru, wadda mu jikokinta muke ce wa Inna, ba ta taɓa zuwa kallo ba, amma in iska ta juyo tana jin kalangun daga tsakar gida. Da kiɗan nan take sanin maigidanta yana tsaye.

Sai zamani ya juya. Bayan fari, Naira ta shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, hanyar Maraɗi ta cika da manyan motoci. Layi ya kan kama tun daga shingen kwastan na Magama har kusa da gari, direbobi da yaran fatake su wuni suna jiran takarda, aljihu cike, ba abin yi. Alhaji Manu, wani mai fataucin atamfa, shi ya fara lura da haka. Ya kewaye wani fili bayan tasha da zana da langa-langa, ya sa mai tsaron ƙofa, ya ɗauko alƙali mai usur. Dambe ya tashi daga na kaka ya koma na kowace Lahadi da la'asar. A tsakiyar fili ya kafa sanda, ya rataya rediyo mai kaset, ya ce na duk wanda ya yi kisa ne a babban wasan ranar.

Direba ba shi da lokacin kallon ƙafa. Ana iya kiran lambar motarsa kowane lokaci, so yake ya ga an faɗi kafin ya tashi. Samari ba su daɗe ba suka gane. Sai ka ga yaro ya saki garkuwa tana reto kamar tsumma, ya ja mashi baya har ya kusa taɓa ɗuwawu, ya tsaya yana zare ido minti biyu ba abin da ke faruwa, sannan ya sako shi da dukan jikinsa. In ya samu, wuri ya kaure. In bai samu ba, shi ya sha. Gaskiya kuma ba a taɓa ganin taro irin na gidan Alhaji Manu ba, har daga Katsina ake zuwa. Ummaru da kansa ya ce ihun nan na kisa yana da daɗin ji. Abin da bai gane ba shi ne yadda mutum zai yi dambe da hannu ɗaya, alhali Allah ya ba shi biyu.

Lahadi huɗu a jere ya shiga, duka aka raba ba kisa. Ta biyar ya zo da zarensa, mai ƙofa ya ce ba sunansa. Da gari ya waye Alhaji Manu ya biyo ta rumfa sayen hanta.

"Tarwaɗa, kada ka ga laihina," in ji shi, yana nuna wadda yake so da carbinsa. "Mutanen ga ba su san ka ba. In ka shiga sai su tashi sayen rake."

"Alhaji, ka taɓa ganin an taɓa ni?"

"Shi ne matsalar ai. Ba a taɓa ka, kai ma ba ka taɓa kowa. Mi za su ba da labari in sun isa Maraɗi?"

Ummaru ya ci gaba da yanka. Alhaji ya karɓi ƙunshi, har ya juya, ya dawo.

"Akwai wani yaro daga ƙetare, Lawal, Kamiyo suke ce mishi. Mutum goma sha ɗaya ya kashe, duk turmin hwari. In kana so in haɗa ku Lahadi mai zuwa. Amma hwa ka yi tunani. Shekarunka arba'in ba ɗaya."

"Haɗa mu," in ji Ummaru.

Kamiyo, a bakin mutanen Nijar, babbar mota ce. Da labari ya kai gida, Hajo tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Baban Nana, mi ka rasa? Rediyo? Na gidan maƙwabta ma ya ishe mu."

"Ba rediyo ba ne."

"To mine ne? Kowa a garin ga ya san ba ka taɓa dahwa ƙasa ba. Ka ajiye zaren nan haka, ka mutu da sunanka."

"Suna na wa? Waɗanda suka sani sun tsuhwa. Na yanzu cewa suke tsoro nike."

"Direbobi ke nan. Gobe suna Zinder."

Ummaru ya tashi. Ya fito da zaren daga cikin ƙwarya, ya shanya shi a rana.

Ranar Lahadi gida ya cika har kan langa-langa. Lawal ya shigo, dogo, baƙi, wuyansa kamar turmin daka. Bai kai ashirin da biyar ba. Kafin a busa usur ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, a yi haƙuri da ni." Ummaru ya ce, "Allah ya ba mai rabo," idonsa na kan ƙafar yaron.

Turmin farko sau huɗu Lawal ya kafa yatsa, sau huɗu ya daki iska. Na ƙarshen har sai da ƙarfin naushin ya juya shi ya ba Ummaru baya. Wasu tsofaffi uku a gefen gabas suka ce, "Ahaf!" amma muryarsu ba ta je ko'ina ba.

"Kai tsoho, rawa muka zo kallo?" wani ya ƙwala daga sama.

"A kawo mishi zane ya ɗaura!"

Ɓawon rake ya faɗo kusa da ƙafarsa. Ummaru ya sa ƙafa ya ture shi.

Turmi na biyu ma haka. Zuwa ƙarshensa Lawal ya buɗe baki yana haki, mashi ya yi masa nauyi, kafaɗa ta sauka. Ummaru ya san wannan alamar sarai. Ya san in ya yi haƙuri, a turmi na uku ko dai ya sami ƙasan kunnen nan, ko a raba su ya fita da sunansa yadda ya shigo da shi. Ba abin da ya rage sai ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin da biyu.

Zagin direbobi bai dame shi can ba. Wani abu ne dabam ya tsaya masa a rai, sai da aka raba su ya gane ko mene ne: sau tara ya zille, bai ji kiɗansa ko sau ɗaya ba. Ya waiga. Bawa yana can gefen yamma inda direbobi suka fi yawa, ya ba shi baya, yana wasa Kamiyo. Ummaru ya taka har wurinsa kamar mai neman ruwan kurkure baki.

"Bawa, ka manta kiɗan ne?"

Bawa bai dube shi ba. "Ban manta ba, Ummaru. Ba mai jin shi ne."

Aka busa usur.

Waɗanda suke wurin sun ce tun daga tsayuwarsa suka ga ba Tarwaɗa ba ne. Ya sauke garkuwa. Ya ɗaga ido daga ƙasa ya dubi fuskar yaron. Ya ja mashi baya, can baya, yadda samari suke yi, wuri ya ɗauki sowa, karo na farko a gidan nan da aka yi sowa dominsa. Ya kafa nasa yatsan a rairayi, ya sako naushi da dukan abin da ke jikinsa.

Lawal ba zillewa ya yi ba, bai ma iya ba. Gajiya ce ta sa ya ja baya taku ɗaya don ya sami numfashi. Naushi ya wuce ta gaban hancinsa, ya ja Ummaru ya juya da shi, ƙafar baya ta tashi. Jikin da bai taɓa koyon irin wannan bugu ba bai san yadda ake tsayawa bayansa ba. Kafin ya ankara, hannun hagu ya riga shi, ya dafa ƙasa.

Ya miƙe nan take, amma an gani. Gida ya ɗauka da ihu, alƙali ya busa, direbobi suka diro suka ɗaga Lawal sama, shi kuwa sai waige-waige yake yana duban mashinsa. Tsofaffin nan uku suka taso suna cewa ba a buge shi ba, ba kisa ba ne. Gardama ta tashi. Alhaji Manu ya kutso, ya kama Ummaru ya ja shi gefe.

"Tarwaɗa, santsi ne. Ɓawon rake ka taka, kowa ya ga ana jehowa. In ka ce haka, yanzu in sa a ce ba kisa. Yaron ya ɗauki rediyonshi, kai ka tahi da sunanka."

Ummaru ya duba. Ɓawon raken yana can inda ya ture shi, taku biyar daga wurin. A gabansa kuma ga shatin tafinsa a rairayi, yatsu biyar cif, ba wanda ya taka tukuna.

"Alhaji, ban taka komai ba. Ga hannuna nan."

Ya tafi wurin Lawal, ya kama hannunsa ya ɗaga, sannan ya fita ta ƙofar baya.

Rana ba ta faɗi ba ya iso gida. Hajo tana bakin murhu. Tun ɗazu take saurare, ba ta ji kiɗansa ba, sai ta ji wannan ihun.

"Ya buge ka?"

"Bai taɓa ni ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ba kumburi, ba jini, sai rairayi a tafin hagu. Ta kawo ruwa a buta ta zuba masa ya wanke, ya zauna ya miƙa mata dama, ta warware zaren sannu a hankali. Washegari ta ɗaura shi daga bishiyar darbejiya zuwa ƙusar ɗaki. A kansa aka yi ta shanya har damina huɗu kafin ya tsinke.

Ummaru bai sake shiga fili ba. Alhaji Manu ya aiko sau biyu, ya ce yanzu direbobi suna tambayarsa, tsohon nan da ya sako naushi ya bi shi. Bai je ba. Gidan dambe ya ci gaba da cika kowace Lahadi. Shi da Bawa sun yi kusan shekara sai gaisuwa, daga baya suka koma cin goro tare, amma ba a ƙara jin wannan kiɗan ba. Lawal ya yi shekara biyu yana kisa ana kashe shi, haƙoransa na gaba suka zube, ya koma tuƙin mota tsakanin Maraɗi da Katsina. Duk sanda layi ya tsayar da shi a Magama, sai ya tako har rumfa ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni," ya sayi tsoka, Ummaru ya ƙara masa gyara.

Ummaru ya yi shekara goma sha tara bayan haka yana sana'arsa. Wani lokaci baƙo ya kan zo da ɗan gari, ɗan garin ya nuna shi ya ce, "Ka ga wannan? Tarwaɗa ke nan, bai taɓa dahwa ƙasa ba." Ummaru ba ya bari ta wuce. Sai ya ajiye wuƙa, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Sau ɗaya," ya kan ce. "Gidan Alhaji Manu, turmi na uku."

Sannan ya tambayi baƙon na nawa za a yanka masa.