Daga Ƙirji Zuwa Gwiwa

Shekara goma sha tara kawuna yana manaja a wurin buga bulo. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kaushi kamar dutsen goge ƙafa. Boko bai yi nisa ba, amma yana da gwajinsa. Kowace safiya zai ɗauki bulo ɗaya cikin waɗanda suka bushe, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa, ya sake shi ƙasa. In bai fashe ba, a loda wa mota. In ya fashe, duk layin nan ba zai fita ƙofa ba. A gida har tsokanarsa muke yi, wai in an miƙa masa jariri, a tsaya kusa.

Da siminti ya yi tsada, mai wurin ya kira shi ofis.

"Ban hana ka gwajinka ba," in ji shi. "Amma ƙirji ai ya yi sama. Wa ke gini da jifa?"

Aka ƙara yashi, aka rage siminti, kawu ya sauko da gwajin zuwa ƙugu.

Sai ɗan kwangilar da ke kwashe rabin kayansu ya ce ba zai jira a yi mako ana ba bulo ruwa ba, kwana uku ya isa, in ba haka ba akwai maƙwabta. Jami'in duba inganci kan zo, ya zauna a inuwa, ya sha lemo, ya yaba tsaftar wurin, ya tafi. Amma wadda ta karya kawu ita ce maganar tsohon leburan da suka fara aiki tare. Ana biyansu ne kan bulon da ya fita ƙofa.

"Manaja, layin da ka hana jiya abincin 'ya'yana ne."

Daga ranar ya koma gwiwa. Har ɗan rusunawa yake yi kafin ya saki.

Abin da ke ƙona mini rai, babu wanda ya taɓa ce masa ya yi ha'inci. Kowa da hujjarsa, kuma kowace in ka saurara tana da kan gado. Shi ma bai daina gwajin ba ko rana ɗaya. Dariya ce ya daina, ya daina bi ta layin da aka yi gini da bulonsu.

Bara mahaifiyata, wato yayarsa, ta tashi gina ɗakin da za ta ƙarasa rayuwarta a ciki. Na raka ta wurinsa, tana ta cika baki a hanya cewa ita ba ta sayen bulon kowa sai na ƙaninta.

"Auta, gwada mini ɗaya yadda ka saba," ta ce. Ita a ƙirji ta san shi.

Leburori suka tsayar da shebur. Kawu ya ɗauki bulo, ya ɗaga shi har ƙirji. Ya daɗe a haka. Sannan ya durƙusa ya ajiye shi a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Yaya," ya ce, bai ɗago kai ba, "ku je gaba ku saya."