Dokar Armaya'u Mai Dawaki

A Dogon Daji kowa ya san Armaya'u, dattijon da ke koya wa ma'aikata hawan doki duk ranar Asabar a bayan gidansa. Dokarsa ɗaya ce: wanda ba zai zo ba, ya faɗa tun Juma'a. Wanda ya fasa da safe ko ya yi shiru, ya sallami kansa ke nan.

Cikin ɗalibansa ya fi son Mu'awiyya, malamin firamare daga Kebbe, mai tsoron doki amma ba ya fashi. Wata Asabar aka ɗaura sirdi, har rana ta take bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Armaya'u ya kwance sirdin a fusace, ya ce wa sauran, "Ku gaya mishi kar ya sake tako gidan nan."

Bayan kwana uku yayan Mu'awiyya ya yi sallama.

"Baba, wurinka shika zuwa mota ta buge mashin nai. Ranar muka yi mishi sutura."

Armaya'u ya dafa bango ya zauna. "Ni ko faɗa nika yi," ya ce.

Washegari ya tafi Kebbe ta'aziyya. Daga bayan ƙofa matar marigayin ta gaya masa cewa a ranar nan Mu'awiyya ya fita da murna, wai Baba zai bar shi ya yi sukuwar farko.

Armaya'u ya ƙara shekara biyu yana koyarwa kafin gwiwa ta hana shi. A shekarun nan bai sake sallamar kowa ba.