Malama Dije da Littafin da Ya Zaga Gida Tara

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Malama Dije. Ni ba da kalanda nake ƙirga ba. Mun fara zaman karatun wata a Karaye shekara guda bayan cutar bushiya ta ƙarar da shanun dangina a Ruwan Bago, a daminar da ta biyo bayan canjin kuɗi, tun Rogo ba ta ɓalle ta zama ƙaramar hukuma ba. Ita kuwa ta rasu kaka biyu bayan an tare ruwan Challawa. Duk mai ja da ni ya je ya duba takardunsa. Ban taɓa shiga aji ba. Wannan ma faɗa nake, 'yata Hadiza tana rubutawa, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana ko ɗaya, ni da ita ne.

Da na so in yi shiru har in tarar da Malama. Abin da ya buɗe bakina taron tunawa da ita ne da aka yi a watan jiya. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, mata sun yi anko, an rataye hotonta an naɗe shi da ƙyalle mai ƙyalli, ita da ko ɗankunne ba ta sawa sai ranar Sallah. Ni aka zaunar da ni can baya kusa da kulolin abinci, mai gabatarwa ta ce ga wata tsohuwa da take zuwa sauraro a wancan zamani. Na ce to, sauraron ne ya kawo ni yau ma. Na kuwa ji abin da ya ishe ni.

Malama Dije malamar firamare ce, ta yi shekarunta ta ajiye aiki. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata. Mijinta ya riga ta gidan gaskiya, Allah bai ba ta haihuwa ba, abin da ta tara a duniya akwatin ƙarfe ne cike da littattafan Hausa. Ita ta bi gida gida ta roƙi mazajenmu, har suka yarda duk Asabar ta farko bayan tsayuwar wata mu taru a gidan ɗayarmu, daga azahar zuwa kiran magariba. Mu tara ne. Mai masauki ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ruwa da gyaɗa, ba a yarda ta ɗora tukunya ba. Malama ta karanta da ƙarfi, mu tattauna, sannan littafin ya kwana a gidan mai masauki, duk mai so ta aika a ba ta aro. Da na ce mata me zan tsinta a cikin masu karatu, sai ta ce, "Yaya Yalwa, su suna da ido, ke kina da kunne. Mu je mu ga wanda zai fi riƙe kaya."

Mun gani kuwa. Duk abin da aka karanta sau ɗaya, bayan shekara zan mayar da shi, har da inda Malama ta tsaya ta sha ruwa. Su kuwa masu takardar shaida, wata bai ƙare ba sun manta sunan mai labarin. Ba na ce dukkansu ba. Amma yawancinsu abin da ya kawo su shi ne a ce matar wane tana cikin masu karatu. Su ari littafi su ɗora a kan jeren kwalla inda baƙo zai gani, su dawo da shi da tabon man ja a bango, ciki kuwa fes kamar ba a taɓa buɗewa ba.

Sarauniyarsu Hajiya Balaraba. Aiki ne ya kawo mijinta daga birni, ita kuma ta taho da hanci a sama. Tun zamanta na biyu ta kawo shawarar a yi shugaba da sakatariya, a fitar da anko, a riƙa girki, kuma duk wadda ba ta iya karatu ba ta jira a koya mata tukuna. Ba ta kalle ni ba da take faɗa, sai da ta gama ta ce, "Ba da ke nake ba, Iya." Na ce na sani 'yar nan, ai bango kike wa magana. Malama ta rufe zancen da cewa muddin ita ke karantawa, tabarma ɗaya ce kuma babu kujera. Balaraba ta haɗiye, ta zauna jiran bango ya tsage.

Ya kuwa tsage, sai dai ni kaɗai na ga tsagar. A shekara ta takwas ganin Malama ya fara dushewa. Ido garau, tana gane mutum, tana bin hanya, amma baƙaƙe sun daina tsaya mata, sai su narke kamar gishiri a ruwa. Sau biyu ta je Kano aka canja mata tabarau, babu wani sauyi. Wata safiya ta leƙo ta katanga ina tankaɗe, ta gaya mini. Ba makantar take tsoro ba. Ta ce in suka sani za su karɓe littafin daga hannunta, su jingina ta da bango suna sannu Malama, sannu Malama, cikin wata uku zaman ya koma gasar shinkafa, ni kuma a nuna mini ƙofa. Matar da ba ta da ɗa ba ta da jika, wannan Asabar ɗin ita ce zuriyarta.

Sai muka yi dabara. Littattafan akwatin nan duk an taɓa karanta su a gabana. Ta ce wa mata za a yi bita daga farko. Kullum da hantsi ta shigo gidana, ina daka ko ina ɓarar gyaɗa, ina mayar mata da littafin wata mai zuwa, tana bina tana ɗauka. Ranar zama ta sa tabarau, ta buɗe, ta riƙa juya shafi tana zubawa. Wata goma sha ɗaya muka yi a haka. Mata bakwai masu ido suna zaune, wasu ma suna leƙa shafin ta kafaɗarta suna gyaɗa kai, maganar da ke shiga kunnensu kuwa daga bakin matar da ba ta san alif na boko ba ta fito.

A wata na goma sha biyu zama ya faɗo gidan Balaraba. Ko ta soma zargi ne, ko burga ce kawai, Allah ya sani. Muna zama ta shiga ɗaka ta fito da sabon littafi, kore, ba hoto a bangonsa, sunansa kuma wata karin magana ce irin mai shiga kowace miya. Ta ce daga Kano aka kawo mata, ta karance shi tas a kwana biyu, an gaji da tsofaffin nan, yau shi Malama za ta karanta. Ta miƙa.

Na ga hannun Malama ya tsaya a kan cinyarta. Ban san lokacin da na riga ta karɓa ba, na ce bari jahila ta fara shafa albarka. Aka yi dariya. Na juya shi manyan baƙaƙen suna sama, yadda na saba ganinsu, na ɗora mata a hannu, na sunkuya kamar mai gyara mayafi na ce mata a kunne, "Kakata da irin gyaɗa."

Labari ne da na sha ba ta muna aiki. Kakata ta wajen uwa, a wata shekarar yunwa a Ruwan Bago, ta ɗinke irin gyaɗa a cikin matashin kanta. Gida ya koma cin tafasa da dusa, yara suna kuka, mijinta ya yi lallashi ya yi rantsuwa, surukarta ta tsine mata, ta ce ita ba ta da komai, kullum kuma kanta yana kan abincin da zai kai su mako biyu. Ta rasa ɗa guda a wannan bazara, ba ta farke matashin ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka ta fito da shi tsakar gida ta sa wuƙa. Gonarsu kaɗai aka shuka a unguwar, daga ita kowa ya sami iri a shekara ta gaba. Har ta mutu kuma akwai waɗanda ba sa gaishe ta.

Malama ta buɗe shafin farko, ta gyara tabarau, ta raɗa wa kakata suna Tasalla, ta fara. Ban taɓa jin ta yi karatu kamar na ranar ba. Har aka kira la'asar ba wadda ta motsa, muka yi salla muka dawo, ta ci gaba. Da ta zo wurin mutuwar yaron muryarta ta karye, mata suna share hawaye da bakin mayafi. Ni idona yana kan Balaraba, ina jiran ta miƙe ta ce wannan ba littafinta ba ne. Malama ta rufe. Balaraba ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ai ni ma wurin matashin nan sai da na yi kuka da nake karantawa." Ta juyo gare ni ta ƙara da cewa irin wannan sai marubutan birni, ina mutanen ƙauye za su iya ƙaga shi. Na ce gaskiyarki Hajiya, mu sai dai mu ji.

Daga nan littafin ya shiga yawo, kowa tana son a gan shi a ɗakinta. Gida tara ya zaga. Kowace ta dawo da shi tana yabon Tasalla, wata ta ce ta karanta sau biyu, wata ta ce ta karanta wa maigida shi ma ya jinjina. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Mutum ɗaya ce ta fita daban, Uwani matar tela, wadda ba ta cika magana a zama ba, ake kuma yi mata kallon mai ƙaramin karatu don a aji huɗu aka cire ta. Ita ta kawo mini shi da hannunta, don gidana ne na ƙarshe kamar kullum. Ta zauna ta taya ni ɓarar gyaɗa, can ta ce, "Yaya, na karanta. Labarin wani direban babbar mota ne. Ko ƙwayar gyaɗa babu a ciki." Na ce to. Ta ce daga yau duk sabon da aka kawo a fara ba ta, za ta shigo da hantsi ta karanta mana mu biyu. Haka ta yi har ƙarshe, ba ta taɓa gaya wa ko mijinta ba.

Kada wani ya ce na wanke Malama tas. Abin da muka yi rufa-rufa ne, ita kuma ya tsaya mata a rai fiye da ni. Ta sha cewa za ta faɗa, sai ta tuna abin da zai biyo baya ta fasa. A ciwonta na ajali, kwana uku ne kacal, ta sa na kira Uwani, ta nemi gafararmu don ta sa mu ɗaukar kaya tare da ita. Ta ce mu rufa mata asiri in sun bar sunanta ya huta. "In kuwa kika ga sun fara ado da ni, Yaya, ki faɗa."

Ba ta yi arba'in ba aka yi shugaba. Kun san wadda aka yi. Yau zaman yana nan duk wata, sun kai su hamsin, har daga Kurugu da Rogo Ruma ake zuwa a mota. Akwai anko, akwai kaji, akwai mai ɗaukar hoto. Akwai kuma littafi guda da ake ɗorawa a kan tebur kusa da fulawar roba. Da Malama za ta leƙo, na san ba faɗa za ta yi ba, ba halinta ba ne. Za ta tambaya a hankali a wane shafi aka tsaya, ta bar su da kallon juna.

A taron nan na watan jiya, Balaraba ta karɓi lasifika ta ce ita ta kawo wa marigayiya littafin da ta fi so a duniya. Ta ba da labarin Tasalla, ta mayar da gyaɗar gero, ta manta da yaron da ya mutu, ta yi wa marubucin addu'a. Aka tafa. Kakata ce ake tafa wa a bakin matar da ta ce ƙauye ba ya haifar labari, ni kuma ina bayan kuloli.

Abin da ya rage na Malama ba ya cikin rumfar nan. Yana wurin Hadiza da ke riƙe da biron nan, wadda Malama ta koya wa karatu a tsakar gidana. Yana wurin Uwani, da har yau matan layinsu ke shiga wurinta da hantsi tana karanta musu, ba anko ba tebur. Cikin mu tara, shida sun tafi, Allah ya jiƙansu da masu karatun da masu ajiyewa a kan kwalla. Saura Uwani, saura Hajiya Balaraba, saura ni. Koren littafin yana ƙasan akwatina, shekara goma sha takwas ba wadda ta tambaye shi. Wata ya kusa tsayawa. Bari Hajiya ta zo ranar Asabar da jama'arta, zan shimfiɗa tabarma, in ajiye ruwa da gyaɗa, in miƙa mata shi manyan baƙaƙen suna sama. In ta samo mana Tasalla a ciki, ni ma zan ɗinka ankon.