Baitin da Jita Ta Cinye

Kakata Inna Ladi ita ce mutum ta farko da ta taɓa tayar da bene guda da gawayi a Danau Kota, unguwar da muke zaune a ƙasar waje. A makon da ta sauka daga Kano ta fito da kurfoti daga cikin jakarta, ta kai shi baranda, ta hura wuta, wai ba ta iya hira babu garwashi a gabanta. Kafin ka ce me, ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, maƙwabta suka dinga gangarowa da kuloli da akwatuna, maigadi ya hawo yana haki kamar an biyo shi. Abba, wanda a lokacin yake karatun digiri na uku, ya yi ta ba da haƙuri da Turanci da Malayanci har da wani yare da na tabbata a wurin ya ƙirƙiro shi. Daga ranar aka kulle kurfoti. Tukunyar lantarki ta dafa shinkafa ita ta gaje shi. Bayan sallar magariba Inna takan sa a kawo ta tsakar falo, ni da ƙanwata Hanan mu zauna muna kallon 'yar jar fitilarta, tururi yana tashi, ruwan sama yana dukan taga.

Sauran yara kakanninsu suna ba su labarin gizo da kura. Mu tamu ƙara take kawowa. Takan gyara zama ta ce, "Ku matso ku ji zaluncin da aka yi mini." Hanan, wadda Hausarta ba ta wuce ta neman abinci ba, sai ta amsa da "to" ɗin Malayanci, "Boleh, Inna." Ni kuma in ce, "Yau ma Kaka Audu za a ci mutunci?" Sai ta harare ni.

"Kai maigidan banza, da kai da shi duk tafiyarku ɗaya. Rufe mini baki."

Kaka Audu mijinta ne, mahaifin Abba, ya rasu tun ba a haife ni ba. Da ƙuruciyarsa jita yake kaɗawa a wani otal a Kaduna, irin sanyayyun waƙoƙin Turawa da ake rungumar filo in ana ji. Inna kuwa tana koyon aikin jinya. Ya gan ta, ya rikice, ya ɗauki wannan salon ya zuba masa Hausa, ya yi mata waƙa. A cikin waƙar yana tsaye a ƙofar gidansu raɓa tana jiƙa shi, yana roƙon ta leƙo ta taga, yana kiranta tauraruwa. Da ya rera mata, ta ce waƙar ta yi daɗi amma ƙarya ce, don bai taɓa tsayawa cikin raɓa ba, mutum ne mai tsoron mura. Ta ce in dai za a yi waƙa a kanta, to sai an bar ta ta amsa. Ta zauna ta tsara baiti nata mai murya daban da ta sauran waƙar, Kaka Audu ya amince. Suka hau jirgin ƙasa har Legas, ita da shi da yayarta mai rakiya, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti, ta tsaya gaban makirfo ta rera nata.

Nan ne muryar Inna takan fara hawa, Hanan ta matsa bayana.

Mai ɗaukar sautin ya jira Inna da yayarta suka fita shan iska, ya ja Kaka Audu gefe. Ya ce faifai ba ya ɗaukar doguwar waƙa, kuma ba wanda zai sayi waƙar soyayya da mace take mayar da magana a ciki. A cire baitinta, jita ta bi muryar da ta tsara, babu kalmomi. Kaka Audu ya ce to. Bai gaya mata ba. Ranar da za a fara sa waƙar a rediyo, Inna ta tara duk ƙawayenta na makarantar jinya, ta soya musu gyaɗa, ta ce yau za su ji muryarta. Aka zo wurin, ta ɗaga hannu ta ce a yi shiru. Sai jita ta shigo, lin-lin-lin, ta yi ta kuka ita kaɗai har ta gama.

"Kamar a kira ka cin tuwo a miƙo maka murfin kwano," in ji Inna. "Kuma ka san abin haushin? Wurin nan shi mutane suka fi so! A gidan biki in an zo nan sai ka ga ƙattin maza suna share hawaye. Mata su tare ni a asibiti, wai ashe ke ce mai shirun nan, kunyarki ta burge mu. Ni! Ni ce mai shiru!"

Na taɓa tambayarta me ya sa ta aure shi duk da haka. Ta ce, "In na bar shi, wa zan yi wa faɗan?" Na roƙe ta ta rera mana baitin, ba sau ɗaya ba. Na yi mata tausa, na yi mata tapau, wato na ƙunso mata gurasar roti daga mamak, shagon shayi da abinci na ƙasan benenmu, har ƙaryar ciwon ciki na yi. Ta ce ba za ta rera wa tukunyar shinkafa ba. A makirfo aka ƙwace shi, a makirfo za ta mayar.

Shekarar da Abba ya gama karatu, ɗaliban Najeriya suka shirya walima a wani zaure a Setapak. Akwai wani ɗan kwaleji, Bash, mai jita da gashi kamar an juye masa taliya a ka. Shi ya tono waƙar Kaka Audu a intanet, yake rera ta a mamak 'yan mata suna ɗaukarsa a waya. Da masu shirya walima suka ji matar da aka yi wa waƙar tana nan da ranta a Danau Kota, suka aiko a gayyace ta ta hau dandamali. Washegari Inna ta ja mu Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu sayar da yadi, ta sa masu kanti suka sauke yadin da ya isa a yi wa jirgin sama riga kafin ta zaɓi ɗaya. Kwana da kwanaki tana shan zuma da citta. Ina jin ta a banɗaki tana gyaran murya, in na kasa kunne sai ta buɗe famfo.

Ranar walima aka ɗora ta a kujera a tsakiyar dandamali, aka danƙa mata furannin roba. Mai gabatarwa, wani mai babbar riga da ya fi kowa son muryarsa, ya ce ga tauraruwar da ba ta taɓa cewa uffan ba. Na ga haƙoran Inna sun haɗu. Bash ya fara. Gaskiya ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba, ko da yake ina so. Ya tsaya a ƙofar gida, raɓa ta jiƙa shi, zaure ya yi tsit. Da aka kusa wurin, Inna ta miƙe ta miƙa wa mai gabatarwa hannu.

"Ɗana, ba ni abin maganar nan."

Ya yi dariya, ya ɓoye makirfo a bayansa, ya dafa kujera. "Hajiya, a zauna kar a gaji. Ke dai murmushi kawai, ana ɗaukar hoto."

Bash ya rufe ido ya shiga kukan jitarsa. Inna tana tsaye da furannin roba, bakinta a buɗe, lasifika ta danne ta. Ban taɓa ganin ta ƙanƙance ba sai ranar. Matar da ta kori bene guda da gawayi, ga ta tana waige-waige kamar wadda ta ɓata a tasha.

Ni ina zaune a gaba, gefen bango, kusa da inda duk wayoyin suka taru a soket ɗaya. Ban yi shawara da kowa ba. Na kama na fizge.

Jita ta mutu, makirfo ya mutu, har fankar da ke kan mai gabatarwa ta mutu. Bash ya buɗe ido ya ce, "Who off am?" Kafin a gano, Inna ta ajiye furanni a kujera, ta tako gaba, ta rera da muryar da ta saba kiran marasa lafiya daga ƙarshen ɗaki:

Wa ya aike ka tsayuwa cikin raɓa?
Ƙofarmu a buɗe take, yi sallama.
Ni ba tauraruwa ba ce, ina da aikin safe.
In kana so na, tambaye ni, ina da baki.

Muryarta ta tsufa, ta karye a layi na uku, ta kamo ta ta ƙarasa. Sai wata mata a baya ta rangaɗa guɗa, sauran matan suka ɗauka, wata tana dukan kafaɗar mijinta tana cewa, "Ka ji ko? Ka ji ko?" Mazan suka yi ta gyaran hula. Abba ya iso ya kama kunnena, ya murɗa shi har na ji tashar rediyon Kano. Inna ta ce daga kan dandamali, "Sakar mini miji, Habibu, ko in sauko." Ya saki.

Da a nan labarin ya tsaya da ban rubuta shi da haushi ba. Bayan 'yan kwanaki masu walima suka sa bidiyon a intanet. Ga Bash, ga raɓa, ga Inna zaune da furanni. Daidai inda na fizge waya sai hoton ya tsallake, aka liƙa kukan jita daga wani wasan da Bash ya yi a baya, aka dawo kan tafi. A ƙasa mutane suna ta rubuta cewa dattijuwar nan akwai kunya, irin matan da babu su yanzu. Na kai wa Inna wayar, na ce mu je mu same su. Ta kalla har ƙarshe, ta miƙo mini.

Na ce to bari in ɗauke ta da wayata, mu sa namu. Ta ce a'a. "An yanke ni a Legas, an yanke ni a nan. Ba zan sake ba wa na'ura muryata ba. Kai ka ji, ko ba ka ji ba?" Na ce na ji. Ta ce, "To riƙe."

Inna ta koma Kano, mu muka zauna saboda Abba ya samu aikin koyarwa. Yanzu na girma, har da 'yan silin gashi a haɓa da nake kira gemu. Da ina yaro na ɗauka labarin na wani mugun mai ɗaukar sauti ne. Yanzu na lura babu mugu ko ɗaya a cikin waɗanda suka yanke ta. Kaka Audu yana son ta, mai gabatarwa yana girmama ta, masu bidiyo sun ce gyara suka yi. Kowa da ladabinsa ya toshe mata baki, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don ban san wa zan fizge wa waya ba. Duk waƙar soyayyar da na ji yanzu, in jita ta fara kuka ita kaɗai, sai in ji kamar wata ce a tsaye da baki a buɗe.

Abin da na iya shi nake yi. Duk ranar da Bash ya zo mamak da jitarsa, nakan sayi shayi in zauna a teburin gaba in jira. Yana rufe ido in miƙe in rera baitin Inna da muryata mai kama da ta ɗan akuya da mura ta kama. Mai mamak ya kore ni, ya gaji, yanzu har yana taya ni layin ƙarshe ba tare da ya san ma'anarsa ba. Bash ya daina zuwa. An ce ya koma wani mamak a Wangsa Maju. Na riga na bincika, bas ɗaya ce daga gidanmu.