Pa Eustace, Mai Hawa da Matattunmu Tudu

Kullum da sassafe, kafin masunta su tura kwale-kwalensu ruwa, Pa Eustace Bedeau yakan gangaro maƙabartar Petite Anse da shebur a kafaɗa, ya duba abin da teku ya ci. Garinmu a matse yake tsakanin dutse da ruwa. Tun zamanin bauta masu gonakin rake suka riƙe ƙasa mai kyau, suka bar wa kakanninmu rairayin bakin teku su binne nasu. Yanzu kuma tekun ya ce wurin nasa ne.

Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki, shi da sana'arsa sassaƙa kwale-kwale. Ranar da wani masunci ya jawo ƙashin mutum a cikin komarsa, kowa ya riƙe baki ya watse. Shi kuwa ya je gida ya ɗauko shebur. Tun daga nan, in ruwa ya matso wani kabari, sai ya kira dangi, ya zuba giyar rake da ruwa a ƙasa kamar yadda aka gada, ya ce wa mamacin, "Tashi, maƙwabci, za mu hau tudu." Ya tattara ƙasusuwan a ɗan akwati, ya kai su bayan coci.

Dokarsa ɗaya ce: wanda ruwa ya fi kusa da shi, shi ne na gaba. Tanti Verlyn mai burodi ta taɓa tare shi a hanya.

"Eustace, tsohon banza, ka bar min miji ruwa na lasar ƙafarsa?"

"Haba Verlyn, mutumin da yana raye ma sai kin yi da gaske yake wanka? Bar shi ya ɗan jiƙa, akwai na gabansa."

Ta zage shi tas, da yamma kuma ta aiko masa da burodi. Da layi ya zo kan mijin, ya kai shi tudu.

Abin da ke ci mana rai shi ne matar Pa Eustace, marigayiya Philomene. Tana can layin ƙarshe, a gindin bishiya. An yi an yi ya ɗauke ta, ya ƙi. "In na tsallake na wani don tawa, da wane ido zan kalli Verlyn?" Bana gwiwoyinsa sun ƙi, likita ya raba shi da shebur, ruwa kuma ya fara tone saiwar bishiyar.

Pa Eustace, kai ne mai masaukin waɗanda ba su da bakin godiya. Ka ɗauki iyayenmu a kafaɗarka, mu muna daga inuwa muna yi maka sannu. Mun gode, kuma wallahi mun ji kunya.

Jama'a, duk mai shebur ya fito ranar Asabar. Na je na yi masa albishir cewa da Philomene za mu fara. Ya daɗe yana kallon bishiyar, sannan ya girgiza kai.

"Ku fara da na gabanta," in ji shi. "Ita ta saba jirana."